Busasshen Icce Ba Ya Tanƙwaruwa

 Yau maganarmu a kan wuyan ɗan Adam ta ke, da wata irin karaya wadda ta kan zo ta hanyar faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ta yi ajalin babban mutum cikin kwana biyu ko uku. Muna roƙo a karanta a tsanake, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba, gama masu ɗaukar majiyyaci sun fi majiyyacin kansa bukatar jin wannan magana.

Da wuya a sami gari ko unguwa da ba a san irin mutumin nan ba. In ka kira shi daga baya ba ya waiwayowa da wuya, sai ya juyo da jikinsa duka kamar ƙyauren ƙofa. In yana tafe kansa na gaba, haɓarsa ta nufi ƙirji, idonsa na kallon ƙasa taki uku gabansa. In an yi sallama a sahu, kowa ya juya fuska, shi kuwa sai ka ga kafaɗarsa ta bi fuskar. In ya kwanta rigingine ƙeyarsa ba ta taɓa tabarma, sai an tara masa matashi biyu ko uku. Mutane su kan ce tsufa ne, ko su ce sanyi ne ya kama shi, ko kuwa su ce yawan sunkuyo kan allo da littafi ne ya tanƙwara malam. Shi ma ya saba da abinsa shekara da shekaru, yana cinikinsa, yana karantarwarsa, ba wanda ya ke ganinsa cikin marasa lafiya.

To, mu ɗauki misali. Irin wannan dattijo ya fito alwalar asuba, santsi ya kwashe shi a bakin kwata, ya bugi goshinsa da bango. Ba jini, ba suma. Ya tashi da kansa, ya ce wuyansa na ɗan ciwo, amma wuyan nan ai kullum cikin ciwo ya ke, saboda haka ba wanda ya damu. Da hantsi aka shafa masa man zafi. Da la'asar ya ce yatsunsa sun yi nauyi, alƙalami na faɗuwa daga hannunsa. 'Ya'yansa masu ƙaunarsa suka ce a kwantar da shi sosai ya huta, suka janye matasan nan, suka miƙe shi bisa katifa, wani ya kama kan ya daidaita shi da kyau. Tun daga wannan sa'a bai sake motsa ƙafa ba. Kashegari aka naɗe shi cikin kujerar baya ta mota, aka nufi Gusau, kansa na rawa bisa cinyar ɗansa a kowane rami na hanya. Kwana biyu numfashi ya gagara. Jama'a suka ce faɗuwa ce ta zo da ƙarar kwana. Ajali kam ba mai musunsa, amma sababi yana da bayani, kuma bayanin nan ya kamata kowane mai gida ya san shi.

Ku dubi carbin da ke hannunku. Ƙashin bayan mutum kamarsa ya ke: 'ya'ya ne a jere, kowane da rami a tsakiyarsa. Bakwai a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ya ke kamawa, 5 a ƙugu, watau 24 ke nan masu motsi, sa'an nan sauran na ƙasa waɗanda su ke a manne. Abin mamaki, raƙumi da tsawon wuyansa, har raƙumin dawa, bakwai ɗin nan su ke da su, tsawon kowane ne ya bambanta. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi, aikinsa aikin gammo ne, shi ke shanye nauyi da girgiza. Jijiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure gaɓoɓin ta gaba da ta baya, suna miƙewa suna komawa. Zaren da ya ratsa cikin ramin kuwa shi ne laka, kaurinta bai wuce ƙaramin yatsa ba, taushinta kamar na ƙwaƙwalwa, gama daga ƙwaƙwalwa ta sauko. Duk umurnin da kai ya ke aika wa hannu da ƙafa, da mafitsara da hanji, da ƙirji don ya ja iska, ta cikinta ya ke bi. Zaren carbi in ya tsinke a kan ƙulla. Laka in ta tsinke, har yau ba likitan da ya iya ƙulla ta.

Ciwon da ya fi shahara da sandarar da wannan carbi, likitoci na kiransa ankilosin sifondilaitis, mu kuwa mu ce ciwon sandarewar ƙashin baya. Wani nau'i ne na amosanin gaɓɓai. Ba ciwon tsufa ba ne ko kaɗan, gama ya kan fara tun mutum yana saurayi, galibi kafin shekara 40, kuma sandarewarsa mai tsanani ta fi yawa ga maza. Farkonsa ciwo ne a kwankwaso da ɗuwawu wanda ya ke wuce wata uku bai tafi ba. Alamarsa da ta raba shi da ciwon bayan manomi ita ce wannan: shi manomi in ya huta ya kan ji sauƙi, wannan kuwa hutu ke tsananta masa. Ya kan tashe shi cikin sulusin dare na ƙarshe, ya wayi gari a ƙage fiye da rabin awa, sai ya yi tafiya jiki ya yi ɗumi kana ya saki. Wani ya kan haɗa da ciwon diddige, wani ido ɗaya ya yi ja yana zafi yana ƙin haske. Abin da ke faruwa a ciki kumburi ne a wuraren da jijiya ta kama ƙashi. Kumburin ya lafa, jiki ya ɗinke wurin da sabon ƙashi maimakon jijiya. A hankali ƙashin nan ya haura bisa faifan guringuntsi, ya haɗa gaɓa da gaɓa, har bayan shekaru carbi ya koma sanda guda. A hoton asibiti sai ka gan shi da gaɓa gaɓa sak kamar gora.

Wani likita mutumin Ailan, Bernard Connor, tun wajen 1691 ya ga ƙasusuwan wani mamaci a Faransa waɗanda ƙugu da baya da haƙarƙari duk suka zama ƙashi ɗaya, ya rubuta bayaninsu. Bayan shekara 200 likitoci uku suka siffanta ciwon ga masu rai: Bekhterev na Rasha a 1893, Strümpell na Jamus a 1897, da Pierre Marie na Faransa a 1898. A 1973 aka gano a London da Los Angeles cewa mafi yawan Turawan da ke da shi suna ɗauke da wata alama ta gado cikin jininsu, wadda a ke kira HLA-B27. Wannan alama ba ta da yawa a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, shi ya sa ciwon bai yawaita gare mu kamar ƙasashen sanyi ba. Har ma wani bincike da aka buga a 1997 a kan Fulanin Gambiya ya sami alamar ga kamar mutum 6 cikin 100, amma cikin ɗaruruwan da aka duba ba a sami mai ciwon ba ko ɗaya. Sai dai ƙarancin abu ba rashinsa ba ne. Likitocin gaɓɓai na Nijeriya da Barkina Faso suna ganinsa, kuma saboda an ɗauka ciwon Turawa ne, mai shi ya kan daɗe yana shan maganin sanyi da na basir kafin a gane abin da ke damunsa.

Ban da wannan, akwai hanyoyi biyu da su ke kai wuya ga hali mai kama da haka, kuma su ne suka fi kusa da dattawanmu. Ta farko likitocin Faransa da Sifen, Forestier da Rotés-Querol, suka bayyana ta a 1950. Ita ba kumburi gare ta ba. Jijiyar da ta bi gaban ƙashin baya ce ta ke rikiɗa ta zama ƙashi, ta kwarara bisa gaɓoɓi kamar narkakken kakin zuma, ta daskare. Ta fi kama maza da suka haura 50, musamman masu ƙiba da masu ciwon sukari, watau irin attajirin da arziki ya zaunar da shi a rumfa. Sau da yawa ba ta ciwo, mai ita bai san yana da ita ba. Tsohuwar cuta ce ƙwarai. An daɗe a na zaton Ramsis na Biyu, sarkin Masar na dā, ciwon sandarewa na farkon nan gare shi, sai a 2014 masana na Alƙahira suka sa gawarwakin sarakuna 13 cikin na'urar hoto, suka ga ashe wannan ta biyun ce ta kama shi, shi da waɗansu uku.

Hanya ta biyu ita ce zaizayewar gaɓoɓin wuya, wadda tsufa da wahala su ke kawowa. Faifan guringuntsi ya bushe ya lotse, ƙashi ya yi tsiro a gefe, ramin da laka ke ciki ya ƙuntata. Wanda ya shekara 30 yana dakon buhu a ka a kasuwar Gusau, da matar da ta tsufa tana ɗaukar itace da tulu, su ne mutanenta. Tun a 1968 wani likita, Laurence Levy, a birnin da yanzu a ke kira Harare, ya rubuta labarin 'yan dako da wuyansu ya karye ko ya goce ƙarƙashin buhunan hatsi masu nauyin kilo 90. Mai ƙuntataccen rami ba sai ƙashinsa ya karye ba. Ya isa ya faɗi rubda ciki, goshi ko haɓa ta bugi ƙasa, kai ya tanƙwashe baya, sai laka ta matse. Alamarsa ta kan ruɗa mutane: yana iya jan ƙafa ya yi tafiya, amma hannuwa sun mutu, suna zafi kamar wuta. Kada a ce tun da ya taka ai lafiya lau.

Me ya sa sandararren baya ya fi saurin karyewa, alhali ido na ganin kamar ƙashi ya ƙaru? Hausawa sun riga sun ba da amsa da suka ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mai lafiyayyen baya in ya faɗi, gaɓoɓi 24 su ke raba bugun, kowace ta ɗan ba da kai, gammo ya shanye saura. Mai sandararre ba shi da inda zai ba da kai. Kansa mai nauyin kilo 5 yana bisa dogon sanda, duk ƙarfin faɗuwa sai ya taru wuri ɗaya, galibi a gindin wuya, tsakanin gaɓa ta 5 da ta 7. Ga shi kuma ƙashin da ba ya motsi ya kan rarake ta ciki, bayansa tauri, cikinsa fanko, kamar ginshiƙin da gara ta ci. In ya karye ba ya tsagewa rabi, ya kan ɓalle gaba ɗaya daga gaba har baya kamar alli, jijiyoyin da za su riƙe shi kuwa sun riga sun zama ƙashi, sun karye tare da shi. Saura sanda biyu dogaye, na sama da na ƙasa, ba abin da ya haɗa su sai nama da laka. Duk motsin da aka yi wa kai ko ƙafa, a bakin karayar nan ya ke ƙarewa, kamar almakashi.

Likitocin Utrecht ta ƙasar Holan sun tattara rahotannin da aka buga a kan wannan karaya, suka fitar da lissafi a 2009. Cikin masu ciwon sandarewa 345 da suka karye, mafi yawa a wuya ne, kuma mafi yawa ta ƙaramar faɗuwa. Kashi biyu cikin uku sun iso asibiti laka ta riga ta taɓu. Waɗansu da dama sun iso da ƙafarsu, daga baya suka shanye. Cikin wata uku kusan 18 cikin 100 sun rasu, masu cutar Forestier kuwa 20 cikin 100. A ƙasar Finlan an ƙiyasta a 2002 cewa mai ciwon sandarewa ya fi sauran mutane haɗarin raunin laka sau 11. Ku lura fa, wannan lissafin ƙasashen da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida ne. Mai hankali ya auna da kansa yadda abin zai kasance ga wanda aka ɗauko daga ƙauye bisa babur, mutum ɗaya gaba, ɗaya baya, shi a tsakiya.

Mutuwar ta kan zo ta ƙofar numfashi. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne zugazugin huhu, jijiyarsa daga gaɓar wuya ta 3 da ta 4 da ta 5 ta ke fitowa. In rauni ya kai can, numfashi ya tsaya nan take. In ya tsaya ƙasa da nan kaɗan, mutum ya kan rayu da farko, amma naman haƙarƙari da na ciki sun mutu, ba ya iya tari, majina ta taru, ciwon huhu ya shiga. Mai ciwon sandarewa kuwa dā ma haƙarƙarinsa a manne ya ke, da tantanin nan kaɗai ya ke rayuwa, ba shi da ajiya. Akwai kuma jinin da kan tsiyaya daga karayar ya taru cikin ramin laka, ya riƙa matse ta a hankali. Shi ya sa mutum zai faɗi da safe yana magana yana dariya, da dare ya kasa ɗaga hannu. Wannan tazara tsakanin faɗuwa da shanyewa ita ce rahamar da ke cikin al'amarin, gama cikinta ne a ke iya ceto, kuma cikinta ne a kan yi ɓarna.

Magabata sun san girman abin. Wata takardar likitancin Masar da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa ta kawo labarin mutumin da gaɓar wuyansa ta goce, bai san inda hannuwansa da ƙafafunsa su ke ba, fitsari na zuba, marubucin ya sa shi cikin waɗanda ba a yi musu magani. Abul Ƙasim Azzaharawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, shi ma a babin ɗori na littafinsa Attasrif ya yanke ƙauna ga wanda gaɓar bayansa ta goce sarai har gaɓɓansa suka saki. Abin da zamani ya ƙara a kan iliminsu shi ne hoton da ke nuna karaya kafin laka ta lalace, da ƙarfen da a ke ɗaure gaɓoɓi da shi. Amma duka biyu ba su da amfani sai majiyyaci ya iso da lakarsa.

To, ga abin da ya wajaba. Duk wanda aka san bayansa ko wuyansa a sandare ya ke, in ya faɗi, ko daga kan jaki, ko daga kujera, ko mota ta yi birki kansa ya fizgu, sa'an nan ya ce yana jin wani sabon ciwo a wuya ko baya, a ɗauka ya karye har sai hoto ya ƙaryata. Haka kuma in aka ga kansa ya sake zama, ko ya ce yau yana iya ɗaga kai ya ga sama abin da ya shekara goma bai yi ba. Wannan ba waraka ba ce, sandan ne ya ɓalle. Kada a tashe shi zaune, kada a ce ya gwada juya wuya a gani, kada a ja hannunsa. Mafi girma duka, kada a miƙe shi. Sauran mutane in sun yi haɗari a kan kwantar da su sambal bisa katako, kai daidai da jiki, kuma daidai ne gare su. Shi wannan daidansa shi ne tanƙwararsa. In an danna ƙeyarsa ƙasa, karayar ta buɗe ta gaba kamar bakin kada, ta ja laka. Ko abin wuyan roba mai tauri da ma'aikatan ceto su ke ɗaura wa masu haɗari yana iya cutarsa, likitocin Ingila sun ba da labarin wanda ya shanye ta haka a 1999. Saboda haka a bar shi cikin siffar da aka san shi da ita jiya. Mutum ɗaya ya durƙusa wajen kansa, ya riƙe shi da tafi biyu ta wajen kunnuwa, ba ja, ba murɗawa, kuma kada ya saki. A cika ramin da ke tsakanin ƙeyarsa da ƙasa da matashi, ko naɗaɗɗen bargo, ko rawani, a tokare gefe da gefe. A nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi gaba ɗaya bisa umurnin mai riƙe da kai, a ɗaure ƙirji da ƙugu da zane. In amai ya taso, a mirgina shi gefe ɗungum, kai da jiki tare kamar gungume. Kada a ɗura masa ruwa ko fura ko rubutu yana kwance, gama in ya shaƙe ba shi da tarin da zai fitar. Motar da ta dace ita ce wadda zai kwanta cikinta yadda ya ke, ko da a-kori-kura ce, direba kuwa ya bi a hankali.

Maɗora da wanzamai muna ganin girmansu, sun ɗora ƙafafu da hannuwa da ba su ƙirguwa a ƙasar Zamfara tun kafin a gina asibiti. Amma sana'ar ɗori ja ce da murzawa da daidaitawa, su ne kuwa abubuwa uku da ke kashe mai karayar wuya. Ƙashin ƙafa in an ja shi nama ne a gefensa. Ƙashin wuya in an ja shi laka ce a cikinsa. Maɗorin da ya san aikinsa, in aka kawo masa wanda ya bugu a wuya, musamman mai jin nauyi ko tsirawa kamar allura a yatsu, ya ce a wuce da shi, wannan ba nasa ba ne. Masu tausa da su kan murɗa wuya har ya yi ƙara don a ji daɗi, kada su kusanci mai sandararren baya ko yana lafiya. Wanzami ma in zai gyara masa gemu, ya sunkuya ya bi shi inda ya ke, kada ya tura goshinsa baya.

In an isa asibiti, kalma ta farko da za a gaya wa likita ita ce, mutumin nan bayansa a sandare ya ke tun dā, haka kansa ya ke zaune, kada a miƙe shi. A maimaita wa mai turin gado, a maimaita wa mai ɗaukar hoto. Ku sani kuma hoton ƙashi na yau da kullum ya kan ɓoye wannan karaya, gama gindin wuya yana bayan inuwar kafaɗu, ƙashin kuma dā ma a hargitse ya ke. In an ce hoto bai nuna kome ba alhali ciwo na nan, a roƙi a yi sikanin na CT, wanda ke yanka hoton ƙashi sala sala, kuma a duba bayan duka, don wani ya kan karye wuri biyu. In hannu ko ƙafa sun fara nauyi, na MRI ke nuna laka da jinin da ya taru. Daga Bungudu mafi kusa shi ne Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura su ke. Aikin ɗaure wuya da ƙarfe kuwa na likitocin ƙwaƙwalwa da laka ne da na ƙashi, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kusan kilomita 200 ta Maru da Talatar Mafara, ko na Shika a Zariya ta Tsafe da Funtuwa, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka buɗe a 1959. Tafiya ce mai nisa, hanyoyin kuma kowa ya san halinsu da dare a shekarun nan. A bari likitan Gusau ya yi magana da na can, a tabbata na'ura na aiki kuma akwai gado, kafin a ɗora majiyyaci bisa kwalta. Wanda ya riga ya shanye kuma ba a gama da shi ba. Ludwig Guttmann ya nuna a Ingila tun daga 1944 cewa abin da ke kashe irinsu daga baya gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara, kuma juya su kowace awa biyu, dare da rana, da tsabtar fitsari, suna ba su shekaru masu yawa.

Saura magana ga mai ciwon kansa, tun bai faɗi ba. In kana shakka, jingina da bango, diddige da ɗuwawu su taɓa shi, ka duba gaba sosai. In ƙeyarka ta kasa kai wa bango, je a duba ka. Saurayi mai ciwon kwankwason asuba kada ya jira ya tanƙware, gama motsa jiki kullum da magungunan kumburi suna rage wahala ƙwarai, kuma tun wajen 2003 akwai allurai masu ƙarfi na wannan ciwo, ko da ya ke tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutane. A yi hattara da ƙwayoyin haɗe haɗe na 'yan talla a kasuwa. Sau da yawa akwai irin su deksametason a ciki, suna kwantar da ciwo yau, suna rarake ƙashi gobe. Taba ma tana ƙara sandarewa. Hawan rumbu da gyaran jinka da kakkaɓar mangwaro a bar wa yara. Babur in da hali a ƙaurace masa, a mota a zauna inda kujera ke da matokarin kai, a ɗaura bel. Wurin alwala a zuba tsakuwa ko a yi masa kaushi, a kafa abin dafawa, a sa fitila a zaure da hanyar bayan gida, gama mai kallon ƙasa taki uku ba ya ganin dogarin ƙofa sai ya buge shi. Game da salla kuwa, malamai sun fi mu sani cewa Risala da Ahalari duk sun kawo hukuncin wanda ba ya iya ruku'u ko sujada, ya zauna ko ya yi nuni gwargwadon ikonsa. Dattijon da ke faɗawa ƙasa da ƙarfi don goshinsa ya kai, sa'an nan ya yi ta fama ya tashi ba mai tallafa masa, limaminsa ya ja shi gefe ya karanta masa babin nan. A ƙarshe ya sa a rubuta masa 'yar takarda, da ajami da boko, a ce mai wannan takarda ƙashin bayansa a manne ya ke, in ya faɗi kada a miƙe shi, a kai shi hoton CT. Ya sa ta cikin aljihun gaba na rigarsa tare da kuɗin mota, ya kuma nuna wa babban ɗansa da yaron shagonsa inda ta ke.